Ranakun da Iya Kande Ba Ta Yi Sallah Ba

Ku 'yan matan da ke wucewa ta bayan layin masu tattasai kuna toshe hanci da bakin mayafi, ina jin abin da kuke faɗa. Wai Rabi ta samu aikin hutu, tana zaune a benci tana miƙa buta. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauka ranar da maƙwabciyata ta riƙo hannuna ta kawo ni banɗakin mata na kasuwarmu a nan Agege. Lokacin ban daɗe da zuwa daga ƙauyenmu na wajen Malumfashi ba. 'Yata Ummi tana goye a bayana, maigidana kuwa direban tanka ne, in ya shiga layi a Apapa sai a kwana biyu ban ga ƙeyarsa ba. Zaman ɗaki ya ishe ni, na ce ko wane aiki ne zan yi.

Wadda na tarar a wurin ita ce Iya Kande. Haifaffiyar Legas ce, kakanta soja ne da ya zo tun zamanin Turawa bai koma ba. Hausa da Yarabanci duk ɗaya ne a bakinta, in ta fusata ba ki sanin da wanne za ta fara. Ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yar nan, kina da ƙyama?"

Na ce a'a.

"Ƙarya kike, kowa na da ita. Ki dai iya ɓoye ta a fuskarki. Sannan abin da kika gani a nan, a nan yake kwana. Oya, ɗauki tsintsiya."

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Tsintsiyar kwakwa biyu ce, ta ciki da ta waje, ko a jingine ba sa haɗuwa. Buroshi mai dogon hannu na bakin masai ne kawai. Akwai safar hannu ta roba, da takalmin ruwa mai kaiwa gwiwa, da omo, da ruwan bilic wanda Iya ta hana ni gauraya shi da kowane maganin wanki, don ta taɓa ganin wadda ta gauraya, warin ya kayar da ita. Butoci kullum da safe sai an wanke cikinsu an kife, domin buta mai gansakuka ta fi masai ƙazanta. Wanki daga ɗakin ƙarshe ake farowa, a koro ruwan zuwa kwata. Ranar farko ni daga bakin ƙofa na faro, na wanke tas, sannan na dawo ina tattake abin da na wanke. Iya tana cin goro tana kallona. Sai da na gama ta ce, "Sannu da wanke takalmi."

Ruwa shi ne ran sana'ar. In aka ɗauke wuta injin burtsatse ya tsaya, tun tanki bai yi rabi ba nake fita leƙen masu kurar ruwa. In Ummi ta yi tari sau ɗaya na taɓa goshinta, in ta yi shiru na taɓa cikinta. Ganin haka Iya ta sa mini suna Sarkin Tsoro, har yau kuma da shi rabin kasuwa ke kirana.

Aikin hannu ba ya daɗewa ake koyonsa. Abin da ya ci mini shekaru shi ne zaman bencin nan da kuke rainawa. Mace za ta shigo da sauri, ta fito, kafin ki cika butar da ta ajiye ta dawo. Ki dubi bakinta, tana cije leɓe. Wannan fitsari ke mata zafi, kuma ɗan kaɗan take yi. Wata uwar 'ya'ya ce, in aka ba da dariya a layinsu sai ki ga ta matse ƙafafu, zane biyu take ɗaurawa, turarenta ya yi yawa. Wannan fitsari ke kufce mata in ta yi tari ko ta ɗaga kwando. Ba wadda za ta buɗe baki ta gaya miki. Iya kuma ba ta taɓa yi wa mace maganar a gaban wata. Sai ta bari ta je wurin alwala, ta bi ta da moɗa kamar za ta zuba mata ruwa, ta rage murya. Daga benci ba abin da kike gani sai tsohuwa tana taya mace wanke hannu.

Shekarar da muka sha wuya ita ce shekarar da magana ta zaga kasuwa wai banɗakinmu ne ke raba wa mata ciwon sanyi. Ban san bakin da ya fara ba. A Legas duk abin da ya sami mace daga cibiya zuwa ƙasa, banɗaki ake ɗora wa laifi. Muka wayi gari benci ba kowa. Muna wanke ɗakunan da ba wanda ya shiga, Iya ta ce a ci gaba da wankewa. Matan kuwa dabara suka yi: suka daina shan ruwa don kada fitsari ya matse su. Mace ta fito tun sassafe, ta wuni cikin rana da busasshen maƙogwaro, ta riƙe abin da ya taru har yamma, sannan ta shiga bas ɗin danfo ta ƙara riƙewa cikin cunkoso har Abule Egba.

Sa'ade mai tumatir tana cikinsu, ga ta da tsohon ciki. Wata rana da azahar sai ga ta tana dafa bango. Rana tana dukan kwano, ita kuwa haƙoranta na haɗuwa don sanyi. Hannunta ɗaya na kan kwiɓinta ta baya. Kafin ta kai ɗaki ta yi amai a kwata. Ashe ta daɗe tana fama da zafin fitsari, tana sayen kafso a kemis, ta sha biyu in ya lafa ta bari, da dare ta zauna a ruwan bagaruwa. Iya ba ta tsaya jin ƙarshen bayani ba. Ta ce, "Rabi, tare keke." Asibiti suka kwantar da ita. Suka ce ciwon ya tashi daga mafitsara ya hau ƙoda, kuma irinsa na iya tayar da naƙuda lokaci bai yi ba.

Nas ɗin da ta karɓe su ta zaunar da Iya ta yi mata bayani, Iya kuwa ta dawo ta raba wa kasuwa layi-layi, da Hausa da Yarabanci. Ta ce tsugunawa a banɗaki mai tsabta ba shi ke kawo wannan ciwo ba, riƙe fitsari da ƙin shan ruwa su ne ke ba shi wurin zama. Ta ce a yi tsarki daga gaba zuwa baya, a bar cusa sabulu da haɗe-haɗe. Sa'ade ta sauka lafiya, namiji. Matan suka dawo da ɗaiɗaya, kowace tana yi kamar jiya ma ta zo.

Tun daga nan Iya ta san inda take tura kowa. Mai zafin fitsari ta je a gwada fitsarin, ta sha maganin da aka rubuta har ya ƙare, ba ta bari don ta ji sauƙi ba. In akwai zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko mace na da ciki, ba a kwana. Wadda fitsari ya tsaya mata cak, mara ta kumbura, ita ma a ranar. Wadda ciwon ke tafiya yana dawowa kamar motar haya, ta daina zagayen kemis, ta roƙi a tura ta wurin likitan da mafitsara ce aikinsa. Mai yoyo kuma, ko na tari ne ko wanda ba ya tsayawa bayan doguwar naƙuda, Iya kan ce mata, "Pele, sannu 'yar uwa, amma wannan ba rabonki ba ne na har abada. Ana gyarawa. Ki je." Jini a fitsari kuwa ko tattaunawa ba ta yi a kansa.

Shi ya sa abin da ya faru daga baya ya ɗaure mini kai.

Iya tana da darduma ruwan toka da take ratayewa a ƙusa bayan tanki. Da an kira azahar ita ke fara yi, ni ina benci, in ta sallame mu yi musanya. Wata rana aka kira, ta ce, "Je ki yi, ina nan." Na yi na dawo, ba ta tashi ba. La'asar ma haka. Washegari haka. Dardumar na rataye har ƙura ta fara kwanciya a ninkinta. Matar da ta gaya mini da bakinta cewa al'ada ta ɗauke mata tun kafin a yi mini aure.

Na fara lura. Iya ɗakin ƙarshe take shiga, kuma ita ke kora ruwa da kanta. Amma kwata ba ta rufa wa kowa asiri. Bayan ta fito na ga wani ja-ja a gefen siminti, kamar ruwan da aka wanke nama, har da ɗan gudan jini kamar ƙwayar gero. Ban ga tana sayen auduga ba, ban ga tana shanya ƙyalle ba, bayan zanenta kuma tsaf. Jinin ba ya zuwa sai ta tsuguna.

Na jira har kasuwa ta lafa. Na ce, "Iya, ko jikin ne?"

"Jikina ƙalau. Baƙo ne ya dawo." Ta kwashe da dariya. "Kuruciya ta dawo, Rabi. Ki gaya wa Alhaji mai shinkafa ya fara haɗa lefe."

"Iya, ai ke kike cewa in mace ta ga jini a fitsari..."

"Wa ya ce miki a fitsari ne? Bina kika yi ciki? Ba zafi, ba zazzaɓi, marata lafiya. Ciwon da ba ya ciwo, ciwo ne? Sarkin Tsoro, tashi ki duba tanki."

Na tashi na duba tanki. Ta haifi kamata. A garinmu yarinya ba ta ja da sa'ar uwarta a kan abin da ke ƙarƙashin zane. Bayan 'yan kwanaki jinin ya ɗauke, ta yi wanka, ta sauko da darduma, ta dube ni ta ce, "Kin gani? Ya zo ya tafi, kamar na kowace mace." Na so in yarda. Amma ko wata bai cika ba dardumar ta koma ƙusa.

Abinci ya daina shiga mini. Ina goge wa Ummi baki ina tunanin kwatar nan. Iya tana da ɗa namiji mai sayar da raguna a Alaba Rago, amma da wane baki zan tari namiji da irin wannan magana a kan uwarsa? Ga dokarta ta ranar farko, abin da na gani a nan, a nan yake kwana. Na juya na juya, sai na tuna Malama Hajara, wadda ke koya mana karatu a islamiyya ranar Asabar da Lahadi, tana kuma da rumfar hijabai a kasuwar. Ta girme ni amma ba ta kai Iya ba. Na je na same ta, ban ambaci kwata ba. Na ce, "Malama, tsohuwar da ta daɗe da gama al'ada, in ta ga jini ta ajiye sallah, daidai ne?" Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Wace tsohuwa?" Na ce, "Wata dai." Ta ce, "To. Na ji."

Washegari da azahar sai ga ta da mayafinta, kamar hanya ce ta biyo da ita. Ta yi alwala, ta zauna a bencinmu ta ce, "Iya, ara mini darduma, mu yi tare."

"Yi abinki, Malama. Ina fashi."

"Fashi, Iya? Ikon Allah." Ta matso, ta rage murya. "Ki gafarce ni, ke uwa ce. Jinin nan shi kaɗai yake zuwa, ko sai kin tsuguna?"

Iya ta juya goro a baki. Ta ce, "Sai na tsuguna."

"To Iya, in ta hanyar fitsari yake fitowa, ba haila ba ce. Jinin ciwo ne, ba ya ɗauke sallah. Ki tashi ki yi ta yau. Waɗanda suka wuce kuma suna kanki."

Bakin Iya ya tsaya. "Duka?"

"In ya tabbata daga can ne, duka. In kuma ta ɗaya hanyar ce, a shekarunki shi ma abin a duba ne. Ni karatu na yi, ban iya leƙa cikin mutum ba. Mai raba miki gardamar nan likita ne."

Na sha ganin Iya ta tsaya gaban 'yan tasha tana zazzaga musu Yarabanci ko gezau, amma ranar ba gardama ta tashi ta ɗauki buta. Maganar ciwo ba ta motsa ta ba. A ce ta yi ta zama a benci ana kiran sallah alhali ba ta da uzuri, wannan ne ya shige ta. Ta yi alwala, ta yi azahar, ta daɗe a zaune. Da ta naɗe darduma ta harare ni.

"Munafuka. Ke kika kai ni ƙara."

"Ni tambaya kawai na yi, Iya."

"Tambayar gidanku. Nemo wadda za ta riƙe mana benci gobe. Ke za ki raka ni, tunda ke kika jawo."

Ƙaramin asibitin unguwa muka fara zuwa. Suka gwada fitsarin suka ce akwai jini, amma ba su ga ciwon da kafso zai kashe ba. Likitar ba ta ba mu magani don mu ji daɗi ba, takarda ta rubuta zuwa babban asibitin gwamnati, wurin likitan mafitsara. Can muka sha layi, aka ba mu rana, muka koma. Ranar hoto aka ce sai ta sha ruwa da yawa ta riƙe fitsari kafin a ɗora mata na'ura. Iya na zaune a kujera tana karkaɗa ƙafa tana cewa, "Dubi ikon Allah. Abin da na hana kasuwa guda, yau shi ake sa ni." Matan da ke layi suka yi ta dariya, su ma duk a matse suke.

Bayan hoto aka sa mata wani siririn bututu mai ido ta hanyar fitsari aka leƙa ciki. Sannan likitan ya kira mu. Wannan karon ɗanta ya zo, don Iya da kanta ta aika masa. Likitan ya ce akwai ɗan tsiro a bangon mafitsara, shi ke zubar da jinin. Ya ce irin jinin nan mara zafi, mai zuwa yana ɗaukewa, shi ya fi yaudarar mutane, don in ya ɗauke sai a ce an warke, tsiron kuwa yana nan yana girma. Ya ce za su kankare shi ta hanyar da suka leƙa, ba sai an tsaga ciki ba, su aika a bincika irinsa, kuma ko bayan an cire sai ta riƙa dawowa ana dubawa, don irinsa yakan sake tsirowa. Ɗanta ya zare hula yana share gumi.

Iya ta ɗaga hannu. "Likita, dakata. Jinin nan daga ina yake?"

"Daga mafitsara, Mama."

"Ba daga mahaifa ba?"

"A'a, Mama."

"Ka tabbata? Ka duba da kyau?"

"Da idona na gani."

Ta gyaɗa kai. "Shi ke nan, na ji abin da ya kawo ni. Sauran kuma ku yi aikinku."

Aka yi aikin. Da sakamako ya fito daga baya, suka ce mugun iri ne, amma bai riga ya kafa saiwa cikin bango ba. Har yau tana zuwa dubawa, ni ke tuna mata rana, ita ke zagina a hanya.

Kwanakin da ta yi a gadon asibiti ni ke jinyarta da rana, Ummi na wurin maƙwabciya. An sa mata roba, jakar fitsari na rataye a gefen gado. Da farko abin da ke sauka ja ne, nas ta ce haka yake bayan aiki, zai washe. Ban yarda da bakin kowa ba. Na tsuguna na leƙa jakar, na zagaya na gyara filo, na dawo na sake leƙawa. Iya ta sa aka samo mata dutse don taimama, ta ce kowace sallah za ta haɗa da ramuwa, ba ta san ranar da za a kira ta ba.

Ranar da za a cire robar, an kira la'asar a masallacin asibiti, ta ce in miƙo dutsen. Na miƙa, na sake tsugunawa gefen gado.

"Sarkin Tsoro, me kika gani?"

Na ɗaga jakar wajen hasken taga. "Ya washe, Iya. Ba ja ko kaɗan."

"Kin tabbata, ko in kira likita ya taya ki?"

"Na tabbata."

"To nemi wuri ki zauna, kin sa ni jiri. Kuma kada ki yi mini magana, da saura da yawa a gabana."

Ta shafa dutsen, ta shafa fuska da hannaye, ta ɗaga hannu ta yi kabbara. Na ja kujera na zauna.